Yadda ake ɗaukar hoton manyan gine-ginen bayan garin Paris

Mai kyamara in ya sauka Paris, hasumiyar Eiffel yake nufa, daga nan sai bakin kogin Seine, ya koma gida da hotunan da kowa ya riga ya ɗauka. Ni kuwa na daɗe ina hawa RER, jirgin ƙasan da ke haɗa Paris da kewayenta, ina fita bayan gari, unguwannin da ma'aikata da baƙin haure da 'ya'yansu suke zaune, domin a can ne aka yi wasu gine-gine da in ka nuna wa mutum hotonsu sai ya rantse da kwamfuta aka haɗa.

Ga ɗan tarihin da ya kamata ka sani, ba mai yawa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Faransa ta shiga ƙarancin gidaje, aka yi ta zuba dogayen benaye kamar kwalayen ashana. A 1965 gwamnati ta fito da tsarin gina sababbin garuruwa kewaye da Paris, aka kafa guda biyar. Zuwa shekarun 1970 mutane sun gaji da kwali. Sai wasu masu zanen gine-gine suka koma ɗebo ginshiƙai da ƙofofi irin na tsoffin Girkawa da Rumawa, suka kumbura su fiye da ƙima, aka zuba su da kankare, aka sa talakawa a ciki. Wannan salon shi Turawa ke kira postmodern, wato wanda ya biyo bayan salon zamani. Abin da ya shafe ka kai mai hoto shi ne yawancinsu an zana su kamar dandalin wasan kwaikwayo: dama da hagu daidai suke, akwai layin tsakiya, akwai kuma inda mai zanen ya so mai kallo ya tsaya. Aikinka ka gano wurin nan ka tsaya a kai, ba tare da ka manta cewa dandalin nan gidan mutane ne ba.

Kayan aiki

Kyamara kowace iri, matuƙar tana barinka ka saita ta da hannu. Ba a buƙatar mai tsada. Gini ba ya gudu.

Gilashi biyu, wato lens ɗin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Ɗaya mai faɗin gani, kamar 16-35mm, ko 10-20mm in kyamararka mai ƙaramin sensa ce. Ɗaya kuma mai jawo nesa, kamar 70-200mm. In ɗaya kawai za ka iya ɗauka, ɗauki 24-70mm. Akwai wani gilashi na musamman da ke zamewa sama da ƙasa ba tare da ka ɗaga kan kyamara ba, irin su Canon TS-E 24mm ko Nikon PC-E 24mm. Shi ne ainihin kayan masu hoton gini, amma kuɗinsa ya kai na kyamara guda. Kada ka saya tun yanzu. In ka matsu ka gwada, akwai shagunan da ke ba da hayarsa na kwana ɗaya.

Ƙafa-uku, wato sandar da ake dasa kyamara a kai. Ka nemi marar nauyi mai shiga jaka. In babu, ɗinka ƙaramin buhu ka cika shi da shinkafa ko wake, ka riƙa ɗora shi a kan katanga ko benci kana ɗora kyamara a kai. Na fi shekara da wannan dabarar nake aiki.

Batir biyu aƙalla, memori mai sarari, tsumman goge gilashi, leda babba saboda ruwan sama, da takalmin da ba ya cizo. Jakar kuma ta zama irin ta 'yan makaranta, ba mai tambarin kamfanin kyamara ɓaro-ɓaro ba.

A waya ka sauke manhajar da ke nuna inda rana za ta tsaya a kowace sa'a. SunCalc kyauta ce a intanet, PhotoPills kuma ta kuɗi ce. In ma wayar ce kaɗai kyamararka, duk matakan nan za su yi maka aiki, zan riƙa faɗin inda aka bambanta.

1. Zaɓi wuri ɗaya, ka san hanyarsa

Mafari ya fara da Noisy-le-Grand, gabas da Paris, domin akwai manyan gine-gine biyu da ƙafa ke haɗa su. Na farko Les Espaces d'Abraxas, aikin Ricardo Bofill, mutumin Barcelona da ya rasu a Janairun 2022. An gina shi tsakanin 1978 da 1983, gidaje kusan 600 a sassa uku: Le Palacio, ƙaton bene mai kama da ganuwa, Le Théâtre, wanda ya lanƙwashe kamar rabin faifai da ginshiƙan gilashi, sai L'Arc, wata ƙofa mai baka da ke tsaye a tsakiyarsu, ita ma da mutane a ciki. Na biyu Les Arènes de Picasso na Manuel Núñez Yanowsky, wanda aka gama a tsakiyar shekarun 1980, gidaje 540. Manyan faya-fayai biyu ne a tsaye suna kallon juna, mutanen unguwa na kiransu camemberts, sunan wani cuku mai kewaye.

Layin RER A za ka hau, ka sauka a tashar Noisy-le-Grand Mont d'Est. Ga kuskuren da kusan kowa ke yi ran farko: layin yana rabuwa biyu bayan Vincennes. Ka duba allo ka tabbatar jirgin na Marne-la-Vallée ne, ba na Boissy-Saint-Léger ba. Daga tsakiyar gari tafiyar ba ta wuce rabin sa'a ba.

In ka ƙware a nan, sauran suna jiranka. A Saint-Quentin-en-Yvelines akwai Les Arcades du Lac da Le Viaduc, su ma na Bofill, inda benaye suka shiga cikin tafki kamar gada. A Nanterre akwai benaye 18 na Émile Aillaud masu siffar gajimare, tagoginsu wasu kewayayyu wasu kamar ɗigon ruwa. A Créteil, kan layin metro na 8, akwai benaye 10 na Gérard Grandval da ake kira Les Choux, wato kabeji, saboda barandarsu kamar ganyen kabeji take. A Ivry-sur-Seine, ƙarshen layi na 7, akwai gidajen Jean Renaudie da Renée Gailhoustet masu tsini-tsini kamar taurari. Malaman fannin za su ce maka waɗannan uku na ƙarshe ba ainihin postmodern ba ne, sun ɗan girme shi. Gaskiyarsu, amma kyamara ba ta tambayar takardar haihuwa.

Kada ka haɗa wuri uku a rana ɗaya. Na gwada, na dawo da hotuna ɗari huɗu, babu na nunawa.

2. Zuwan farko, bar kyamara a jaka

Ka je da rana tsaka, ka zaga ginin gaba da baya da ƙafa, ka zauna a benci na ɗan lokaci. Ka lura da inda yara ke ƙwallo, inda tsofaffi ke shan hantsi, inda samari ke tsayawa a bakin wata ƙofa ba sa motsi. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi a ranka: ba a juya kyamara ta can. Ka lura kuma da abin da ke filin jama'a da abin da ke bayan ƙofa mai lamba. Fili da titi na kowa ne. Matakala da lif da baranda da rufin sama na mazauna ne, kuma bin bayan wani ka kutsa kafin ƙofa ta rufe ba wayo ba ne, shiga gida ne ba sallama.

A wannan zuwan ne za ka ɗan ɗauki hotuna da waya don tunawa, ka rubuta: wannan fuskar gabas take kallo, wancan lungun akwai kwandunan shara, nan akwai fitilar titi da za ta tsaya mini a tsakiya.

3. Lissafin rana

Wanda ya taso a Kano ko Damagaram ya saba da rana mai tsayawa a tsakiyar ka, mai faɗuwa kamar an kashe fitila, magariba ba ta nisa da ƙarfe shida zuwa bakwai duk shekara. A nan ba haka ba ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. A Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma ta tafi, kuma ko da azahar ba ta ɗagawa sama da kamar digiri 18, tana rarrafe ne ta kudu. Ma'anar wannan a wurinka biyu ce. Fuskar ginin da ke kallon arewa ba ta ganin rana sam a lokacin sanyi. Kuma filin da dogayen benaye suka kewaye, irin na Abraxas, yakan wuni cikin inuwa a watannin nan, sai saman bene kawai ke samun haske.

Les Arènes de Picasso ta fi sauƙin lissafi, domin faifai ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma. In kana tsaye a tsakiyar fili, na yamma shi ke karɓar hasken safe, na gabas kuma na la'asar. Kada ka tsaya kana faɗa da wanda rana ke bayansa, juya ka ɗauki ɗan'uwansa, ka dawo wa wannan anjima.

Haske iri uku nake nema. Na farko, ranar da ke zuwa daga gefe, da hantsi ko la'asar sakaliya, wadda ke fito da kowane tsagi da kowane ado na kankaren. Na biyu, ranar da gajimare ya rufe sama ruf, abin da Paris ba ta rasawa. Mutane na ƙin fita a irin wannan ranar, ni kuwa ita na fi so a Abraxas, domin kankarensa ba toka ba ne zalla, an gauraya shi da launi, yana ba da wani ja-ja-ja mai ruwan ƙasa da rana mai ƙarfi ke wankewa. Sai dai ka rage sararin sama a hoton, fari fat ba ya ƙara komai. Na uku, bayan magariba da kamar minti 20 zuwa 30, lokacin da sama ta yi shuɗi, mutane sun kunna fitilun ɗakunansu, hasken ciki da na waje suka yi kunnen doki. Ba ya daɗewa. Ka dasa ƙafa-uku tun kafin rana ta faɗi, ka yi sallarka a kan lokaci, kada ka zo kana neman wurin tsayawa haske na tafiya.

4. Nemo layin tsakiya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafari ke gaggawa. Ka tsaya a inda kake jin tsakiya ne, ka kunna layukan raga a allon kyamara ko waya. Sa'an nan ka daina kallon ginin gaba ɗaya, ka koma ƙirga. Taga nawa ke hagu da layin tsakiya, nawa ke dama? Gefen ginshiƙin hagu da kake hangowa, faɗinsa ɗaya da na dama? In na hagu ya fi faɗi, ba juya kyamara za ka yi ba, kai ne za ka matsa. Taku ɗaya, wani lokaci rabin taku. Juya kyamara yana gyara gefe ɗaya ya ɓata ɗaya.

Ƙasa ma tana taimako. Masu zanen nan sukan shimfiɗa daɓen fili daidai da layin ginin, don haka ka duba tsagin da ke tsakanin duwatsun daɓe, ko tsakiyar matakala, ko magudanar ruwa. Sau da yawa za ka tarar layin yana ƙarƙashin takalminka.

A Abraxas wurin da aka fi ɗauka shi ne inda kake hango L'Arc a tsakiya, ginin baya ya cika bakan. Na taɓa shafe kusan minti arba'in a wurin ina matsar da ƙafa-uku kaɗan-kaɗan, wata tsohuwa da ke zaune da kekenta na cefane tana kallona. Can ta taso, ba ta ce mini komai ba, ta nuna wani wuri da tsinin lemarta, bayan inda nake da kamar taku uku. Na koma can. Layin ya faɗa daidai, kuma fitilar da ke damuna ta ɓuya a bayan ginshiƙi. Ta ce ta ga masu kyamara sun fi a ƙirga, duk a nan suke ƙarewa.

Gargaɗi ɗaya: ko dai ka tsaya a tsakiya cif, ko ka kauce sosai yadda kowa zai san da gangan ka yi. Kaucewa kaɗan ita ce mafi muni, ido na ganinta nan take ko da mai kallo bai san abin da ke damunsa ba.

5. Kada ginin ya kwanta

Da zarar ka ɗaga kan kyamara don saman bene ya shiga, layukan tsaye za su fara haɗuwa a sama, ginin ya yi kamar zai faɗi ta baya. A hoton bishiya ba wanda zai kula. A ginin da duk ginshiƙai ne, abin yana fitowa fili.

Dokar ɗaya ce: bayan kyamara ya tsaya a miƙe kamar bango. Yawancin kyamarori suna da ma'aunin daidaito a allo, wayoyi ma haka. Ka kunna, ka daidaita hagu da dama, ka kuma daidaita gaba da baya, wanda shi ake mantawa. Da ka yi haka za ka ga saman ginin ya fita daga hoto, ƙasa ta cika rabin allo. Ga hanyoyin fita, daga wadda na fi so.

Ja da baya, ka yi amfani da gilashi mai jawowa. Daga nesa ba ka buƙatar ɗaga kai sosai. Wannan ita ce hanya mafi arha kuma mafi kyau, in akwai sarari.

Hau sama. Gadar masu tafiya a ƙasa, matakalar waje, tudun ciyawa, saman wurin ajiye motoci na kasuwa in a buɗe yake ga jama'a. In ka kai kusan rabin tsayin ginin, matsalar ta ƙare da kanta.

Juya kyamara a tsaye, ka sa gilashi mai faɗi, ka bar ta a miƙe, daga baya ka yanke ƙasan da ya yi yawa. Za ka yi asarar wani kaso na hoton, amma layuka za su tsaya.

Ɗaga kai kaɗan ka gyara a kwamfuta. In wannan za ka yi, ka bar sarari mai yawa a hagu da dama da sama, domin gyaran yana cin gefuna. Wanda ya cika allo da gini taf, in ya zo gyara sai ya tarar an yanke masa rufi.

Mai waya ya yi hattara da 0.5x. Yana haɗiye fili duka, amma yana miƙar da abin da ke gefe, tagar da take kewayayya ta koma ƙwai. A faya-fayan Picasso wannan kisa ne. Ka tsaya a 1x, ko ka ja baya ka sa 2x ko 3x.

Akwai lokacin da ake karya dokar, in ka shiga ƙarƙashin Le Palacio ka ɗaga kyamara sama kai tsaye, bangaye suka taru a kanka kamar kana cikin rijiya. Wannan hoto ne mai kyau. Amma ka ɗaga gaba ɗaya, ba rabi-rabi ba.

6. Saitin kyamara

A kan ƙafa-uku: ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka sa shi a 100, ƙofar haske f/8 ko f/11, saurin ɗauka kuma ka bar shi ya kai duk inda ya kai, ko daƙiƙa goma ne. Kada ka matse zuwa f/22 da sunan neman kaifi, laushi yake ƙarawa. Kashe abin hana girgiza na gilashi, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya motsa kyamara. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda ya fi karɓar gyara.

A hannu: kada saurin ya gaza 1/60 da gilashi mai faɗi, ko 1/250 da mai jawowa. Gara ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 da ka dawo da hoto mai rawa. Ka jingina da bango, ka riƙe numfashi.

In sama na da haske ƙwarai, ƙarƙashin baka kuma duhu, ɗauki uku ba tare da ka motsa ba: ɗaya daidai, ɗaya ka rage haske da mataki 2, ɗaya ka ƙara haske da mataki 2, ka haɗa su a gida. In ba ka son wannan wahalar, ka auna da wuri mai haske. Duhu ana iya ɗago shi daga baya, farin da ya ƙone ba ya dawowa.

Da sanyi batir na mutuwa da wuri, ka ajiye na biyu a aljihun ciki kusa da jiki. Kafin ka shiga jirgi mai ɗumi kuma ka sa kyamara a jaka ka zuge, in ba haka ba gilashi zai yi raɓa.

7. Mutane

Hoton ginin nan ba mutum a ciki yana ruɗar mai kallo, ba zai san ko ginshiƙin nan tsayin ɗaki ne ko na bene goma ba. Mutum ɗaya ƙarami a ƙasan hoto, mai tura keken jariri ko yaro da jakar makaranta, shi ke faɗin girman abin. Ka shirya komai, ka jira wani ya shigo inda kake so. In saurin ɗauka ya kai kamar 1/8 ko 1/4, mai tafiya zai zama inuwa mai motsi, ba a gane fuskarsa, ka huta da matsala biyu a lokaci guda.

Amma ka san inda kake. Noisy-le-Grand tana cikin gundumar Seine-Saint-Denis, inda tarzomar 2005 ta faro daga Clichy-sous-Bois. A Nanterre ne ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 17 a Yunin 2023, ƙasar ta kama da wuta. Duk lokacin da irin haka ta faru, masu kyamara na kwararowa unguwannin nan su ɗauki motar da ta ƙone su tafi. A Abraxas kuma an sha zuwa ɗaukar finafinai ana mai da gidajen mutane birnin azzalumai na ƙarshen duniya, ga masu yawon buɗe ido da ke biyo baya. Har maganar rushe wani sashe hukuma ta taɓa yi, mazauna suka ƙi. Saboda haka in wani ya haɗe maka rai, ba kai ne farkon wanda ya gani ba.

Abin da nake yi ba shi da wuya. Duk wanda muka haɗa ido, ina ce masa bonjour, da dattawanmu na Afirka ta Yamma da Larabawa kuwa sallama ta fi saurin buɗe fuska. In aka tambaye ni me nake yi, ina cewa ginin nake ɗauka, in juya allo in nuna. Wata rana wasu samari biyu suka tare ni, ɗaya ya ɗora hannu a kan ƙafa-ukuna ya ce in goge. Na nuna musu hotunan ɗaya bayan ɗaya, tagogi ne da ginshiƙai. A ɗaya akwai abokinsu can nesa, kamar ƙwayar gero. Na goge shi a gabansu. Suka ce in koma ɗaya gefen filin, na koma. Ba a jayayya a nan, ko da doka na bayanka. Yara kuwa ba a ɗaukarsu kusa sai da izinin iyaye, kuma kada ka auna gilashi mai jawowa cikin tagar mutane.

Safiyar Lahadi ita ce lokacin da ya fi kwanciyar hankali. Da dare sosai kada ka tsaya kai kaɗai da kaya a buɗe, in ka gama hoton bayan magariba ka naɗe ka nufi tasha.

8. Matso kusa

Bayan babban hoto, sauya gilashi ka nemi ƙanana. A nan ne za ka samu abin da ba na kowa ba. Ginshiƙin da mai zane ya yi don ya yi kama da fadar sarakuna, ga wani ya rataye bargo a tagarsa yana shan iska. Faifan tauraron ɗan'adam a kan adon Girkawa. Labule kore a taga ɗaya cikin tagogi sittin masu fari. Tsagin da ke tsakanin allunan kankare, wanda ke tona asirin cewa a masana'anta aka zubo su aka zo aka jera. A Nanterre, ƙananan tayil masu launin sama da gajimare da suka lulluɓe benayen, waɗanda aikin gyara ya fara canza wa fuska, don haka wanda ke son su yadda Aillaud ya bar su kada ya yi ta ɗagawa.

Kada ka ɓoye tsufan ginin, kada kuma ka je neman shara da gangan don hoto ya yi ban tausayi. In kwandon shara na cikin layinka kuma ba ya motsuwa, bar shi.

In an yi ruwa, nemi kududdufi ka sauke kyamara dab da shi, ginin zai ninku biyu. A Le Viaduc tafkin ne ke yin wannan aikin, amma sai da sassafe kafin iska ta taso.

9. Gyara a gida

Lightroom na kuɗi ne, Darktable kyauta ne, a waya kuma Snapseed ya isa. Bi wannan jerin. Fara da gyaran lanƙwasar gilashi, domin gilashi mai faɗi yana kumbura layuka kamar cikin tulu. Sa'an nan miƙar da layukan tsaye, ka ja layi biyu a kan ginshiƙai biyu masu nisa da juna. In bene dogo ne ƙwarai kuma daga kusa ka ɗauka, kada ka miƙar ɗari bisa ɗari, bar ɗan kaɗan, in ba haka ba sai ya yi kamar kansa ya fi gindinsa faɗi. Bayan miƙarwa ka duba abin da ka san kewayayye ne, taga ko faifai, in ya koma ƙwai ka gyara tsayin. Daga nan sai yanka, sai launi.

A launi ne hannu ke zarcewa. Kankaren Abraxas ba ruwan hoda ba ne irin na alawa, sama kuma ba shuɗin bula ba ce. In ka ɗauka bayan magariba za ka ga fitilun titi wasu ruwan lemo wasu farare, kada ka wahalar da kanka sai sun zama ɗaya, daidaita da launin bango ka bar sauran.

Ka sa wa kowane fayil sunan wuri da kwanan wata da sunan mai zanen. Wannan na ƙarshen yana da dalili. A Faransa zanen gini mallakar mai zanensa ne har shekara 70 bayan rasuwarsa. Dokar 2016 ta yarda mutum ya ɗauki ginin da ke filin jama'a ya wallafa, muddin ba don kasuwanci ba. Wato sa shi a Instagram ɗinka da sunan Bofill a ƙasa ba laifi, amma buga shi a riga ko kalanda don sayarwa sai da izinin magada. Fuskar mutum kuma da ake iya ganewa, ka nemi yardarsa kafin ka wallafa. Jirgi marar matuƙi mai kyamara kada ma ka sa shi a jaka, ba a tashinsa a saman unguwannin nan ba tare da takardar izini ba.

In akwai wanda ya tsaya maka ka ɗauke shi, ko mai gadin bene da ya bar ka ka tsaya a inda bai kamata ba, wanke hoto ɗaya a takarda, girman santimita 13 da 18 ya isa, ka sa a ambulan ka tafi da shi a zuwa na gaba. Na tsohuwar nan mai lema yana cikin jakata har yanzu, zuwa uku ban same ta a bencin ba.